Gwiwar Da Ba A Ɗauki Hotonta Ba

Dorvin, 10 ga Satumba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙirjin? Iskar bakin tekun ta ɗan sassauta maka tarin safe kuwa? Ka gaida mini Gwaggo Josiane, ka ce na gode da riƙon da take yi maka, don na san riƙonka ba ƙaramin aiki ba ne. Mu nan lafiya lau. Jikarka Maëlle ta shiga makarantar yara, kullum sai ta dawo da fenti har cikin kunne.

Na koma rubutu ne saboda wayar nan ta ishe ni. Ranar Lahadi na yi ta ihu har maƙwabta suka ji sirrin gidana, kai kuwa abin da ka tsinta kawai shi ne "haraji", ka kama dariya har tari ya sarƙe ka. Injin haƙar kwal ya cinye maka kunne, amma wannan kalmar ba ta taɓa wuce ka ba. To ga shi a rubuce, ka sa tabarau ka karanta a tsanake.

Na san murnar da kake yi. Rabin rayuwarka kana ƙarƙashin ƙasa kana jiran ranar da gwamnati za ta sa hannu a aljihun masu kuɗi, ga ta ta zo: duk albashin da ya haura Yuro miliyan ɗaya a shekara, kashi saba'in da biyar cikin ɗari na abin da ya hau kai na hukuma ne. Ni ma 'yarka ce, tare muka je muka jefa ƙuri'a, kuma har yanzu ban ce na yi kuskure ba. Sai dai Baba, ba daga aljihun surukinka za a cire ba, kamar yadda kake zato. Harajin a wuyan mai biyan albashi yake, wato kulob. Kuma ka san yadda ake ciniki a harkar ƙwallo: ɗan wasa yana faɗin abin da yake so ya shiga hannunsa ne, duk abin da hukuma za ta nema a sama, kulob ya ji da shi. A kan haka mijina Bastien ya yi musafaha da Delattre, shugaban kulob, tun lokacin da ba wanda ya yi mafarkin wannan doka.

Manyan kulob-kulob masu attajiran ƙasashen waje a bayansu, su ko a jikinsu. Mu kuwa Delattre ne kaɗai gatanmu, shi da motocinsa na dakon kaya, su ma rabinsu a ajiye suke suna tsatsa. 'Yan wasa uku muke da su masu irin wannan albashi. An sayar da biyu kafin a fara kakar bana. Bastien ya rage, shi ma don tsoron gari ne. Da an taɓa shi, ɗan Odile mai soya dankali a ƙofar fili, da an ƙone ofishin kulob.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Gwiwarsa ta hagu ce. A wasan farko wani mai tsaron baya ya faɗo masa a kai, ya tashi ya ci gaba, aka yi masa tafi. Tun daga ranar, duk washegarin wasa sai gwiwar ta kumbura kamar ƙullin burodi. Yanzu da baya-baya yake sauko matakala yana riƙe da ƙarfe, in ya ji motsina sai ya juyo ya kama waƙa. Jiya Maëlle ta miƙa masa hannu ya ɗauke ta, sai ya ce ta hau kujera tukuna. Ya mayar da abin wasa, ita ta yi dariya, ni ban yi ba.

Na ce a je asibiti a ɗauki hoton gwiwar. Ya ce Dakta Hennebel, likitan kulob, ya duba ya ce ruwa ne kawai, zai wuce. Wataƙila haka ne. Amma tun da na auri ɗan ƙwallo, ko yatsa ya buge sai an kai shi hoto a ranar. Wannan karon ba wanda ya ambaci hoto, hankalina kuma bai kwanta ba.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci, ka daina yi wa Gwaggo gardama a kan gishiri. Bastien da Maëlle suna gaishe ka.

'Yarka mai ƙaunarka,
Perrine

Dorvin, 18 ga Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Gwaggo, da fatan sanyin da ya fara shigowa bai taɓa ƙirjinka ba. Takardarka ta iso, kusan dukkanta a kan gwamnati, layin ƙarshe a kan gwiwar surukinka. Na gode da layin ƙarshen.

Ka ce in Bastien ɗan halak ne ya rage albashinsa da kansa. To ya riga ka. Tun kafin takardarka ta zo ya sami Delattre ya ce a yanke albashin ya dawo ƙasa da miliyan, shi ba cikin kuɗi ya taso ba, ba kuma zai mutu don an rage ba. Delattre ya rungume shi har da hawaye, sannan ya ce masa an makara. Dokar tun daga farkon shekara take lissafi, abin da aka riga aka biya shi da waɗancan biyun da aka sayar duk yana ciki, ga kuma tsohon ramin da gyaran fili ya bari. Hukumar da ke duba asusun kulob-kulob ta ba su zuwa ƙarshen Janairu. Ko su cike ramin, ko a jefa Dorvin can ƙasa inda ake buga ƙwallo kyauta. In haka ta faru makarantar horar da yara ta rufe ke nan, masu wanki da masu yankan ciyawa da masu sayar da tikiti duk su koma gida. Ka fi ni sanin garin nan. Tun da aka rufe ramin kwal babu abin da ya rage yana tara mutane wuri ɗaya sai wannan fili.

Hanya ɗaya ta rage musu, su sayar da Bastien idan kasuwar 'yan wasa ta buɗe a Janairu. Wani kulob na Rasha yana so.

A gidan Delattre aka gaya mana wannan, a kan tebur. Matarsa ta yi naman sa da aka dafa da giya, irin wanda kake so, ban ci ko loma ɗaya ba. Dakta Hennebel yana wurin, da Fabrice dillalin Bastien, mutumin da ke kiran kowa ɗan'uwansa har da karen gidan. Da aka tashi shan kofi na tare likitan a baranda, na tambaye shi abin da ya hana a yi hoto. Ya juya cokali a kofinsa, ya ce:

"Perrine, duk hoton da na sa aka ɗauka sai ya shiga fayil, fayil ɗin kuma mai saye zai karanta. Gwiwar da ba a ɗauki hotonta ba, a wurin kasuwa lafiyarta ƙalau."

Na ce a wurinka fa? Ya ce kofinsa ya huce, ya koma ciki.

Na koma kan Fabrice, na ce ai masu sayen ma za su yi nasu gwajin. Ya ce in bar masa wannan, mai kulob ɗin can mutum ne mai zumuɗi, in dai ya ga ƙwallo a raga likitansa ba zai iya buɗe baki ba. Abin da ake bukata kawai Bastien ya fito kowane mako daga nan zuwa Janairu, don ɗan wasan da aka gani a benci farashinsa zubewa yake yi.

"Wata uku ne kacal, 'yar'uwata," in ji shi. "In ya isa can sai a yi masa aikin da kuɗinsu. Ke kuma ki sayi rigar sanyi mai gashi."

Ga yadda suke yi yanzu. Jajibirin wasa Hennebel ya zuƙe ruwan gwiwar da sirinji, ranar wasa ya yi masa allurar kashe zafi. Bastien ya fita ya yi ta gudu kamar ba shi ba, yana ta zura ƙwallo, jaridu suna cewa bai taɓa yin kyau irin na bana ba. Washegari kuma ni ke sa masa safa. Makon jiya na raka shi na ga abin da ake zuƙowa. Ya ce a da ruwan rawaya ne. Wanda na gani dai ja-ja ne.

Akwai wasu mutum biyu da suke zuwa kowane wasa yanzu, da baƙaƙen kwat, suna zama a bayan kujerar Delattre. Ba sa tafi, ba sa bin ƙwallo da ido. Ko tana can wajen gola, su idonsu na kan ƙafafun mijina.

Baba, tsoro nake ji, kuma a gidan nan ba wanda zan gaya wa. Kada ka nuna wa Gwaggo wannan, ka san bakinta. Ka huta lafiya.

Taka,
Perrine

Dorvin, 5 ga Nuwamba

Baba na kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kuma sabon maganin ya karɓe ka. Ka nemi kujera ka zauna kafin ka ci gaba, kada dariya ta kayar da kai: za mu shiga yajin aiki.

Na san ka gani a talabijin. Shugabannin kulob-kulob sun ce ƙarshen watan nan ba za a buga ƙwallo ko'ina a ƙasar ba, sai an sassauta musu harajin. Ina jin abin da kake faɗa tun daga nan, wai masu motocin alfarma sun koyi ajiye aiki. Faɗi son ranka. Ni da na girma a kan kafaɗarka a wurin zanga-zanga, ban taɓa roƙon Allah a kan wani yajin aiki kamar wannan ba. Har kyandir na je na kunna a coci, kai da ba ka shiga sai an yi mutuwa kana iya ƙara wannan a cikin laifuffukana.

Dalilina shi ne hutu. Tsakiyar wata babu wasa saboda 'yan ƙungiyar ƙasa, wasan da ke biye kuma Bastien ba zai buga ba, katin gargaɗinsa ya cika, don haka zai zauna ba tare da kowa ya yi zargin komai ba. In aka haɗa da yajin, gwiwar za ta samu kusan wata guda babu allura. Abin da ya fi wannan ma, na samo wata likitar ƙashi a tsallaken iyaka, a Beljiyam, wadda ba ta san ƙwallo ba balle ta san fuskarsa. Na yi ta naci har ya yarda: in aka yi yajin, a ƙarshen makon za mu shiga mota mu je a ɗauki hoto, ba da sanin kulob ba. Ya ce ko me hoton ya nuna zai saurara. Da bakinsa ya faɗa, na kuma riƙe.

Gari kuwa ya ji labarin cinikin, ban san ta wace kafa ba. Na zaci za a zage mu. Ina ma zagin aka yi. Mahauci ya daina karɓar kuɗina. Matan ɗakin wanki sun aiko da waina mai sukari, an rubuta lambar rigarsa a kai. Mai yankan ciyawa ya tare ni a kasuwa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tafi. Kowa ya san albashinsa na watan Fabrairu a ƙafar Bastien yake, kowa kuma yana yi mana kirki irin wanda ba ya barin mutum ya ce a'a.

Na je wurin surukata Odile ko za ta taya ni. Na same ta a rumfarta tana fere dankali. Ka san ta, ɗanta ya saya mata gida amma ta ƙi barin kaskon nan. Ban gama magana ba ta katse ni.

"Ubansa da karyayyen haƙarƙari ya sauka rami, ya dawo ya ci abincinsa. Ke dai ki dafa masa abin kirki, ki daina zura wa ƙafarsa ido. Yawan kallo ma sa ciwo yake yi."

Ta cika mini takarda da dankali mai zafi ta ce in kai wa jikarta. Da na juyo daga nesa na ga ta ajiye wuƙar, tana zaune kawai.

Ka taya ni fatan masu kuɗin nan su yi taurin kai ko na mako ɗaya ne, irin wanda kuka yi. A gaida Gwaggo.

'Yarka,
Perrine

Dorvin, 6 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma har da kai a cikin waɗanda nake fushi da su.

An janye yajin, ka sani. Sun zauna da mutanen gwamnati, an sha kofi, an kafa kwamiti, kowa ya fito yana murmushi. Harajin yana nan inda yake. A ƙarshen makon da ya kamata mu kasance a Beljiyam, Bastien yana fili da allura a gwiwa. Na buga wa likitar na ce a ɗage, ta tambaye ni zuwa yaushe, na ce zan sake kiranta.

Shekaranjiya aka yi bikin Waliyyiya Barbara, mai tsaron masu haƙar kwal. Bana ma kyaftin ɗin kulob ne ya ɗauki fitilar rami daga coci zuwa bakin tsohuwar mahaƙa, kamar yadda aka saba, kyaftin kuwa Bastien ne. Ya yi tafiyar lafiya, gari duk yana bayansa, tsofaffin abokanka da hulunansu na ƙarfe. Da aka isa dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ƙasa, ya durƙusa ya ajiye fitilar. Sai ya kasa tashi. Ina ganin wuyansa yana rawa. Golansu ne ya gane, ya zo ya rungume shi ta baya ya ɗaga shi. Mutane suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinsa, aka yi ta tafi, wasu matan har da share hawaye. Masu baƙaƙen kwat ɗin nan suna tsaye a gefen hanya, har nan suka biyo shi. Ɗayansu ya sunkuya ya faɗa wa ɗayan wata magana a kunne.

Da muka dawo gida na aika Maëlle wurin maƙwabta, na faɗa masa duk abin da ke cikina. Na ce zan kira 'yan jarida, zan kira mutanen Rashan da kaina in ce musu kayan da za su saya fasasshe ne. Bai ɗaga murya ba, yana zaune ƙafar a kan kujera da ƙanƙara a kai.

"Na san kowa a wurin nan da sunansa, Perrine. Matar da ke wanke rigata ita ta riƙa goya ni in Mama ta tafi rumfa. So kike in shiga ɗakin wanki in ce musu ƙafata ta fi abincinsu?"

Na ce eh, a wurina ta fi.

Ya yi dariya ya ce shi ya sa ya aure ni. Sannan ya ce in na yi wannan kiran, shi da uwarsa sun gama zama a Dorvin, ni kuma na sani. Na ɗauki wayar, Baba. Na daɗe riƙe da ita a kicin, sannan na mayar na ajiye, na ɗora ruwan zafi.

Yanzu kai. Na roƙe ka ka rubuto masa ka tsawata masa, don yana jin maganarka fiye da ta kowa. Kai da likitan kamfani ya yi shekaru yana buga maka ƙirji yana cewa huhunka garau yake, na zaci kai ne za ka fara gane irin su Hennebel. Sai ga ƙunshi ya iso, man zafi irin na dawakai, da 'yar takarda wai namiji ba ya barin abokan aikinsa a rami. Ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, fuskarsa har haske take yi. Ka ba shi abin da yake nema, ni kuma ka bar ni ni kaɗai. Gidan duk warin man nan yake yi.

Duk da haka ina ƙaunarka, kuma ina so ka rufe ƙirjinka da kyau in za ka fita. Ba za mu samu zuwa Kirsimeti ba, zaman mota yana sa gwiwar ta sandare.

Perrine

Dorvin, 28 ga Janairu

Babana,

Ina gaishe ka. Gwaggo ta ce kun kalli wasan kuma tun ranar ba ka cin abinci. Ka ci, don Allah. Ga abin da talabijin bai nuna muku ba.

Mai kulob ɗin Rasha da kansa ya zo ranar Lahadi. An gama shirya takardu, sa hannu kawai ya rage bayan an tashi. Allura ɗaya ta daina yi wa Bastien aiki tun farkon wata, don haka biyu aka yi masa, ɗaya kafin a fara, ɗaya a hutun rabin lokaci. Da zai fita daga gida da rana ya sumbaci goshina ya ce yau ce ta ƙarshe, daga gobe sai in kai shi duk likitan da na ga dama.

Bayan an dawo hutu ya karɓi ƙwallo ya juya. Ba wanda ya taɓa shi. Da idona na ga gwiwar ta lanƙwashe ciki, ta inda gwiwa ba ta lanƙwasa. Ya faɗi, ya miƙe, ya buga ƙafar a ƙasa sau biyu, ya ɗaga wa benci babban yatsa yana murmushi. Ba jarumta yake yi ba, Baba. Bai ji komai ba. Allurar ta kashe wurin gaba ɗaya, bai san abin da ya faru da shi ba.

Haka ya ci gaba da gudu har aka tashi. Daga inda nake ina ganin ƙafar daga gwiwa zuwa ƙasa tana yin nata wuri, tana karkacewa duk lokacin da ya taka. Na miƙe ina kiran sunansa, ina kiran koci, amma fili duk ya ɗauki waƙa, ni kaina ban ji muryata ba. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka murna nake yi, ta kama hannuna tana ɗagawa. Hennebel yana tsaye a bakin layi, hannuwansa a aljihu. Ya gani. Na san ya gani, don sau ɗaya ya waiwayo ya kalli wajen kujerar Delattre, sannan ya mayar da kansa.

Ƙwallon da ya ci da ka, kun gani. Abin da ba ku gani ba, kafin alƙali ya hura tashi kujerun baƙin nan uku, mai kulob ɗin da masu baƙaƙen kwat, babu kowa. Su da suka yi wata uku suna kallon ƙafar, sun riga kowa ganewa. Ya taho wajen magoya baya yana tafa musu, sai ƙafar ta ninke a ƙarƙashinsa, ya zauna a kan ciyawa yana kallonta kamar ta wani ce.

A babban asibiti aka ɗauki hoton da na yi wata biyar ina roƙo. Likitar tiyata, wata dattijuwa mai furfura, ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo. Ta ce jijiyoyin sun tsinke, wannan ana gyarawa. Amma guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya niƙe, ƙashi ya yi ta cin ƙashi, wannan kuma ba ya dawowa. Ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Fabrice da Hennebel.

"Wa ya bar shi ya yi gudu a kan wannan?"

Fabrice ya ce ana kiransa a waya, ya fita, har yau bai dawo ba.

An yi aikin jiya. Ƙwallo dai ta ƙare. Ta ce zai yi tafiya, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasa yadda ya kamata ba, kuma kada mu sa rai da gudu ko na bin yarinya a tsakar gida ne. Da ya farfaɗo bai tambayi ƙafarsa ba. Cewa ya yi, an sa hannu? Na ce ya yi barci.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Ni ma wayar tana hannuna na ajiye. Ka ci abinci.

'Yarka,
Perrine

Dorvin, 14 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Josiane. Ka yafe mini shirun da na yi. Mun dawo gida, an sauko da gadonmu falo saboda matakala. Maëlle tana ganin abin kamar biki, kullum a tsakaninmu take kwana.

Ka tambaya ko an jefa kulob ƙasa. Ba a jefa ba. Dorvin ta tsira, ga kuma yadda aka yi.

Muna asibiti Delattre ya zo da furanni. Na zaci zan ga mutumin da ya karye, sai na ga ya yi aski, fuskarsa ta ciko, rabon da in gan shi haka tun bara. Ya ja kujera ya yi mana bayani a hankali. Ashe kulob yana da inshora a kan Bastien, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan wasa mai tsada. In hatsari ya raba shi da ƙwallo kwatsam, kamfanin zai biya kulob, kuma abin da zai biya ya isa harajin har da saura. Hukumar ta ga takardar ta ɗaga musu ƙafa. Sharaɗi ɗaya ne, ya zama gwiwar lafiyarta ƙalau kafin ranar. Fayil ɗin Hennebel kuwa fes yake, babu hoto, babu ko layi ɗaya a kan kumburi. Ya ƙara da cewa inshorar Bastien ta kansa, wadda za mu ci abinci da ita nan gaba, ita ma a kan wannan sharaɗin take. Bai dube ni ba lokacin da ya faɗi wannan, amma da ni yake.

Bastien ya ce, "Ba a kori kowa ba?"

Ya ce, "Ko mutum ɗaya, ɗana."

Sai mijina ya rufe ido ya ce ya gode. Shi ya yi godiya, Baba.

Tun ranar nake juya abin a raina. In an sayar da shi kulob ya tsira, in ƙafar ta karye kulob ya tsira. Hanya ɗaya ce kawai ba ta fisshe su ba, wato a zaunar da shi a yi masa magani. Ko sun yi wannan lissafin tun a teburin naman nan, ko kuwa sa'a ce ta faɗo musu, ban sani ba, kuma ba mai gaya mini. Na kan ce laifin doka ne, sai in tuna dokar ba ta riƙe sirinji ba. Na kan ce laifin Delattre ne, sai in gamu da matan ɗakin wanki sun fito aiki suna hira, su tsaya su tambaye ni jikinsa da zuciya ɗaya.

Ranar Talata mutumin kamfanin inshora ya zo. Saurayi ne mai ladabi, har takalmi ya cire a ƙofa. Ya yi wa Bastien tambayoyi ya rubuta. Surukata tana zaune a gefe da jakarta a cinya. Sannan ya juyo gare ni.

"Madam, ke kika fi kowa saninsa. Kafin ranar wasan nan, ya taɓa yi miki kukan wannan gwiwa?"

Bastien yana kallon taga. Ni kuma ina kallon matakalar da ke bayan mutumin.

Na ce a'a, bai taɓa ba.

Ya rubuta, ya yaba kofina, ya sa takalminsa ya tafi. An biya harajin a makon nan, an ce har Delattre ya yi wa ma'aikata 'yar walima. Ranar Asabar za a rataye rigar Bastien a saman fili don karrama shi, sun ce in zo in tsaya kusa da shi. Zan je.

Ka zo, Baba, in ƙirjin ya bar ka. Ba na iya ɗaga shi daga baho ni kaɗai, shi kuma ba ya so 'yan kulob su gan shi haka. Ya ce in tambaye ka inda ka sayi sandarka, mai robar nan a ƙasa da ba ta zamewa. In za ka taho ka sayo masa ɗaya. Shekararsa ashirin da tara, don haka ka zaɓo mai ƙwari, za ta daɗe a hannunsa.

Ka gaida Gwaggo. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce 'yarka,
Perrine